Hawa na Goma Sha Ɗaya

Ɗan Sama ake ce masa a wurin aiki, don shi ke tuƙa dogon injin ɗaga kaya da ke tsaye gefen sabon benen da ake ginawa a tsakiyar birni. Kowace safiya yakan kama tsanin ƙarfe ya yi ta hawa, yana hutawa sau uku a hanya, har ya kai ɗan akwatin gilashin da yake wuni a ciki. Daga can duk inda ya waiga gini ne. Tsohuwar tashar mota ta zama benaye biyu masu gilashi. Layin masu gyaran takalma ya zama wawakeken rami, da ruwan sama kwance a gindinsa. Shekara uku da suka wuce yakan lissafa injuna irin nasa a sararin birnin ya samu biyar. Yanzu ya daina lissafi.

Wata huɗu ke nan da yayansa ya faɗo daga hawa na goma sha ɗaya na wannan ginin.

Yayan nasa ɗaurin rodi yake yi, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Rodi. Shi ya jawo ƙanensa cikin aikin gini tun suna samari, shi ya laƙaba masa sunan Ɗan Sama. Mutum ne mai barkwanci. Yakan fizge oba-oba, 'yar rediyon da suke magana da ita, daga hannun foman, shugaban ma'aikata, ya ce, "Kai na sama, duba mana ko ruwa zai zo, na bar shanya a waje." Ko ya ce, "Ɗan Sama, an ce ka sauko ka ci abinci, tsuntsaye sun kawo ƙararka."

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe goma na safe, Ɗan Sama yana da damin rodi rataye a iska, yana juya shi zuwa saman ginin. Sai muryar foman ta fito daga oba-oba: "Tsaya. Kada ka motsa komai." Ya tsaya. Ya ga mutane a ƙasa suna gudu zuwa gabashin ginin, ɓangaren da bene ya kare masa. Ba inda zai sauke kayan, don duk filin ya cika da mutane. Haka ya riƙe rodin nan a sama minti arba'in, hannunsa a kan sandar tuƙi, yana kallon motar asibiti ta shigo ta fita. Da aka ce ya sauke ya sauko, ya sauke a hankali yadda ya saba. A gindin tsani ya tarar da mutum kusan ashirin, babu wanda ya yarda ya haɗa ido da shi.

An ce katakon da Mai Rodi ya taka ne ya goce. An yi bincike, an yi rubuce-rubuce, an ƙara ɗaura raga a gefen ginin. Bayan mako guda Ɗan Sama ya dawo bakin aiki. Yana ci, yana barci, yana amsa gaisuwa. Matarsa takan zuba masa ido in yana cin abinci, tana jiran wani abu ya fashe, amma ba abin da ya fashe. Gidan yayan nasa kuwa, inda mahaifiyarsu take zaune, tun kwanakin farko bai sake taka shi ba. Ba wai ya yanke shawarar haka ba ne. Ranar hutu takan zo, ya sa riga, ya zauna bakin gado, sai ya ga yamma ta yi.

Wata Talata da rana, yana shirin buɗe kwanon abincinsa, foman ya kira shi.

"Kana da baƙuwa a ƙofa."

"Wace ce?"

Foman ya ce, "Sauko dai."

Matar yayansa ce tsaye gefen ɗakin maigadi, riƙe da lema da wata 'yar jaka. Ta rame, amma tsayuwarta na nan yadda ya san ta, kafaɗa a miƙe. Motocin kankare suna wucewa ta gabanta, ba ta ko matsawa.

"Anti," ya ce. "Lafiya?"

"Lafiya lau. Ka yi wuyar gani, shi ne na ce bari in zo in ga ko ka koma sama gaba ɗaya."

Ya so ya yi murmushi, fuskar ba ta ba shi haɗin kai ba. Ya tambayi yara, ta ce suna makaranta. Ya tambayi Inna, ta ce tana nan da ƙafarta.

"Wurin nake so in gani," ta ce. "Inda yake tsaye."

Ya kalli ginin. A lokacin ya kai hawa ashirin da uku, saman duk rodi ne tsirara da katakai, amma ƙasa an riga an yi fenti an sa tagogi.

"Anti, ba abin gani a wurin."

"To, in ga babun."

Foman ya sosa ƙeya da aka gaya masa. Ya ce hawa na goma sha ɗaya ya fita daga hannunsa, an miƙa shi ga masu sayar da gidaje, a nan suka shirya gidan da suke nuna wa masu saye. Amma ya dubi matar sau ɗaya, ya ɗauki waya. Can sai ga wata budurwa ta fito daga ofishin talla, da takalmi mai tsini da tarin makullai. Foman ya ja ta gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ɗan Sama ya ga murmushin aikinta ya tsaya a fuskarta, bai tafi ba, bai kuma san inda zai zauna ba.

Aka ba Anti hular kwano. Ta ɗora ta kan ɗankwalinta, ta ce, "Ashe nauyi gare ta. Shi ya sa kullum yake cewa wuyansa." Suka shiga lif su uku. Suka hau har hawa na goma sha ɗaya.

A bakin gidan mai tallar ta miƙo musu wasu ledoji shuɗɗa. "Ku yi haƙuri, a kan takalmi ake sawa, saboda tayil." Ɗan Sama ya duƙa ya sa nasa a kan takalman aikinsa masu siminti. Ledar ta yage a dunduniya.

Rabonsa da wannan hawan tun yana fili, iska na ratsa shi ta ko'ina. Yanzu ga falo mai sanyi, ga kujeru farare, ga labule har ƙasa. An jera faranti shida a kan teburin cin abinci, da kwanon 'ya'yan itace a tsakiya. A bango akwai hoton wani mutum da mace da yara biyu suna dariya a bakin ruwa.

"Ɗaki uku ne da falo biyu," in ji mai tallar, "kowane ɗaki da nasa..." Sai ta kama bakinta. "Ku yi haƙuri. Na saba ne."

"Ba komai, 'yata. Su waye a hoton?"

"Ba kowa ba ne, Hajiya. Da shi aka sayo firam ɗin."

Anti ta zaga a hankali, ledojin ƙafarta suna ƙara. Ta ɗauki lemo ɗaya daga kwanon, ta matsa, ta ji roba ce, ta mayar. Ta shiga kicin ta murɗa famfo, ko ɗigo bai fito ba. Ta buɗe firji ta tarar da takardarsa a ciki. Sannan ta dawo falo ta tsaya gaban ƙanen mijinta.

"Ina ne?"

Ya ƙirga ginshiƙai daga kusurwar gabas. Na ɗaya yana cikin ɗakin barci yanzu, na biyu ya shige bayan kabad. Na uku yana gefen ƙofar gilashin da ke fita baranda, an yi masa farin fenti, an ajiye tukunyar fulawa a gindinsa.

"Nan. Ta wajen."

Mai tallar ta zuge gilashin. Hayaniyar birni ta shigo, da ƙarar injin yankan ƙarfe daga sama. Anti ta fita ta dafa ƙarfen barandar ta leƙa. A ƙasa wasu ma'aikata suna shimfiɗa ciyawa, suna warware ta kamar darduma.

"Da nisa," ta ce.

"Da nisa."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba. Ginin ya kare ni." Ya nuna mata akwatinsa can sama, ƙarami kamar gidan ashana. Sai ya ji yana gaya mata abin da bai gaya wa ko matarsa ba. Ya gaya mata rodin da ke rataye, da minti arba'in, da yadda ya yi ta kallon agogo yana tunanin za a makara da zuba kankare. "Ƙishi ya kama ni, Anti. Na buɗe gorata na sha ruwa. Yana kwance a ƙasa, ni ina shan ruwa."

Ya faɗi maganar kamar mai karanta lambar mota. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba.

Ba ta juyo ba. "Ni wanki nake yi," ta ce. "Da aka zo aka gaya mini, sai na ce su dakata in shanya. Na shanya duka, har da rigunansa biyu. Na sa musu maƙalli don kada iska ta yar. Maƙwabta suna ta kuka a tsakar gida, ni ina neman maƙalli."

Wata tantabara ta sauka a barandar ƙasa da su, ta tashi.

"Akwai abin da ya yi da hannunsa a nan? Wanda ake gani?"

"Aikinsu ba a ganinsa. Ciki yake." Ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da bayan yatsa. "Rodin da ke cikin wannan shi ya ɗaure. Da wancan, da na ƙarƙashin ƙafarki. Yakan yi wa waya murɗi uku, sauran biyu suke yi. Foman ya yi ta faɗa wai yana ɓata waya."

"Haka yake ɗaure bakin buhu a gida. Sai da wuƙa."

Ta ɗora tafin hannunta a kan ginshiƙin, ta bar shi a nan. Ya ga ta rufe ido. Ta daɗe. Da ta buɗe sai ta duba tafin, kamar fenti zai biyo shi.

"Ban ji komai ba," ta ce. "Na ɗauka in na zo zan ji."

"Ni kullum ina nan, ban ji ba."

Sai suka ji shessheƙa a bayansu. Mai tallar ce tsaye jikin labule, makullai a hannu, hawaye sun ɓata mata kwalliya. Ta ce ita ba ta sani ba, wata biyu tana kawo mutane nan tana ce musu su fito baranda su sha iska, ba wanda ya gaya mata. Anti ta buɗe jakarta ta ciro hankici, ta je ta share mata fuska da kanta.

"Yi shiru, 'yata. Aikinki kike yi. Ai iskar tana da daɗi, ba ƙarya kika yi musu ba."

Wayar yarinyar ta yi ƙara. Masu zuwa ganin gida na ƙarfe biyu sun iso, suna ofis. Ta ce za ta ce su jira, Anti ta ce a'a, sun gama. Suna fita Ɗan Sama ya waiga ya ga yarinyar tana goge shatin yatsu daga gilashin da hannun rigarta, tana gyara zaman lemon roba.

A ƙasa suka yi kiciɓis da masu sayen, wani mutum da matarsa mai tsohon ciki. Mutumin ya ga hular kwano a kan Anti ya tambaye ta ko ginin yana da ƙwari.

"Yana da shi," ta ce. "Murɗi uku."

Bai gane ba, amma ya yi godiya.

Ta mayar wa maigadi hular. Ɗan Sama ya raka ta bakin titi, inda aka kewaye hanyar masu tafiya da kwanon rufi saboda wani sabon ginin da za a fara. Motar haya ta daɗe ba ta zo ba.

"Inna ba ta tambayar yadda aka yi," ta ce. "Kai take tambaya. Ka zo ko ba za ka yi magana ba. Mu ma ba yi muke ba."

"To."

"To ɗin gaske, ko irin na yayanka?"

"Na gaske."

Ranar hutu ya je. Ya tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafar da ke damunta a kan matashi. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi tun daga kai har ƙasa, ta ce, "Ka rame," ta matsa masa wuri. Yaran suka zo suka gaishe shi suka koma wasansu. Anti ta kawo abinci, ya ci.

Da zai tafi, Inna ta sa aka ɗauko wani kwali daga ƙarƙashin gadonta. Sababbin takalman aiki ne, yayansa ya saya bai kai ga sawa ba.

"Gwada."

Ya gwada. Sun yi masa yawa, yatsa guda yana shiga ta baya.

"Sun yi?"

"Sun yi, Inna."

"Ƙarya kake. Ka riƙa haɗa safa biyu."

Washegari ya haɗa safa biyu ya tafi aiki. Hawan tsanin ya ɗauke shi lokaci fiye da kullum, don sai da ya riƙa lura da inda yake sa ƙafa. Ya zauna, ya kunna injin, ya jira. Foman ya ce akwai bulo a ƙasa, hawa na ashirin da huɗu suna jira. Ya saukar da ƙugiya.