Ruwan Na'ana'ar Asama'u

A shekarar 1994, lokacin da wahalar mai ta hana motoci tafiya, aka sa ranar walimar saukar karatun Muhsina, autar Asama'u ta unguwar Magajiya. Saura kwana biyu, mai kawo lemon kwalba ya aiko cewa motarsa ta maƙale a Sabon Wuse, babu ko ɗigon fetur. Ga bazara ta kankama, ga dangi za su taho daga Zariya.

Asama'u tana zaune a tsakar gida ta yi tagumi, sai Ambrose ya shigo. Ɗan haya ne a ɗakin ƙofar gida, yana haɗa abin sha a wani otel a Abuja.

"Mama, lafiya?"

Ta gaya masa. Ya waiga wajen rijiya, inda na'ana'ar da take sa wa a shayi ta yi kore shar.

"Mama, da wannan ganye da lemun tsami muke yin abin da Turawa ke rububi. An ce daga ƙasar Kuba ya fito, wajen masu aikin rake, a can suka fara haɗa shi. Sai dai mu muna zuba giya."

"A'uzubillahi! A walimar Alƙur'ani?"

Ya yi dariya. "A cire ta, Mama. Ba ita ce daɗin ba."

Maganar rake ce ta tsaya mata a rai. Washegari ta sa aka kawo damin rake daga Lambata, mata suka feraye, suka daka a turmi, suka tace da ƙyalle. Haɗin farko ya yi ɗaci, don ta kirɓa ganyen kamar kuka. Ambrose ya nuna mata yadda ake murza shi a hankali, har ƙamshin ya fito ba tare da ya dagargaje ba. Ta matse lemun tsami, ta ɗanɗana, ta ƙara, ta jefa ɗanyar citta da bai ce a sa ba. Aka cika randuna huɗu, aka sa ƙanƙarar da maƙwabciyarsu Bose ta bayar.

Ranar walima Muhsina ta karanta allonta ba gargada. Da aka zagaya da kofuna, yayan mijin Asama'u, Alhaji Ɗanladi, wanda bai cika yabon girkin kowa ba, ya shanye ya miƙo kofi.

"Wane kamfani ke yin wannan?"

"Yaya, kamfanin yana bakin rijiyata," in ji Asama'u, tana gyara mayafi.

Ta sa aka kira Ambrose, ta nuna shi a gaban baƙi, ta ce shi ya koya mata murza ganyen. Ya rusuna, kunya ta kama shi.

Da safe mata suka yi ta sallama, kowacce tana roƙon reshe ɗaya ta dasa. Asama'u ba ta hana kowa ba. Kafin damina ta yi nisa, da wuya ka shiga gida a layin ba ka ji ƙamshin na'ana'a ba.