Askin Furen Kabewa

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu in na tuna shi sai in ji wuyana ya ɗau zafi don haushi.

Na gan ni a bayan ɗakina, inda na shuka kabewar Inna. Irin da mahaifiyata ta bar mini ke nan kafin ta rasu, ƙwaya biyar a ƙulle a bakin zane, ɗaya ce kawai ta tsiro. A mafarkin ta yi fure mace guda ɗaya tak, da 'yar kabewa kamar ƙwan zabo a gindinsa. Duk wanda ya taɓa shuka kabewa ya san furen nan safiya ɗaya yake yi. In ƙudan zuma bai shige shi ba kafin rana ta take, ya rufe ke nan, 'yar ta ruɓe, irin Inna ya ƙare a hannuna.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, sai da na danne zanena. Na leƙa cikin furen, idona ya yi wani irin ƙarfi. Na ga gashi ƙanana-ƙanana da ido ba ya gani a farke, sun jeru tun daga baki har ciki, kowane da ɗigon ƙamshi a kansa. Kaɗawa suke yi suna kiran baƙi.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da hula da tabarau, yana tauna takarda.

"Ke ce mai furen da aka haifa yau?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"An yi masa askin suna?"

"Askin me? Fure ne fa. Kuma ai suna sai kwana bakwai."

"Kwana shidan na cinye su," in ji shi, ya nuna mini guntun kalanda a bango. "A ƙasar nan ba baƙon da zai shiga sai an aske gashin ciki. Ƙazanta ne."

Na ce masa gashin nan shi ke riƙe ƙamshi, shi ƙudan zuma ke dafawa su shiga. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya buga mini hatimi da kofato a bayan hannu.

Da na waiwaya ina gindin kabewata. Wanzami ya riga ni zuwa, wani tsoho wai shi Jatau, ya baje zabira yana wasa aska. Ƙudan zuma kuwa sun yi layi a bakin danga, kowace da mayafinta, ɗauke da garin fure rawaya a kwano.

"Sarkin Aska, don girman Allah ka bari su shiga tukuna."

"Hajiya, shekara arba'in ina aski, ban taɓa yanka jariri ba."

"Ni ba yanka nake tsoro ba!"

Ya yi bisimilla ya sa aska. Na ɗaga hannu zan kwaɗe shi, hannun ya yi laushi kamar tuwon da bai nuna ba. Na zage shi, zagin ya fito a "sannu da aiki". Har amsawa ya yi, tsohon banza. Ya gama, ya hure furen, ya ja baya yana murmushi.

"Duba nan. Tas, kamar cikin sabon kwano."

Aka buɗe danga. Babbarsu, wata tsohuwar ƙudan zuma mai ɗingishi, ta yi sallama ta zaga furen sau biyu.

"Ba nan ne gidan ba."

"Nan ne, Iya, wallahi nan ne!"

"Gidan da aka kwatanta mana tun daga ƙofa yake ƙamshi."

Wata ta daure ta sauka a bakin furen, santsi ya kwashe ta, garin ya zube a ƙasa. Sauran suka gyara mayafi suka juya.

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na tsige gashin girata, na shafa yawu na manna a cikin furen, ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina kiransu. Tsohuwar ta dawo don kunya, ta shinshina.

"Wannan warin hayaƙin murhu yake yi, 'yar nan. Allah ya raya."

Rana ta take. Furen ya dunƙule, 'yar kabewar ta tsinke ta bi ruwa ta yi sama, ina tsalle ina kasa kamo ta. Bunsurun ya leƙo ta kan danga da biro a baki.

"An yi aski lafiya. Wane suna za a rubuta?"

Na buɗe baki zan faɗa masa baƙar magana, sai na ji fis, fis, fis.

Na farka, gari ya waye. Famfon feshi ne. Maigidana Barau ne ya goya shi yana bin gindin katanga da maganin ƙwari, ƙarar tana matsawa bayan ɗakina. Ko ɗankwali ban tsaya nema ba.