Zaitun a Akwatin Ƙuri'a

Fulgencio Ozán, wanda ake kira Don Fulgencio saboda girmamawa, bai taɓa shiga Majalisar Dattawan lardi da aljihu wayam ba. Shekara bakwai yana sanata, kullum da baƙin zaitun na gonarsa a aljihun kwat, ana muhawara yana taunawa. Bakinsa kuwa ba a cika ji ba, sai in an taɓo batun ban-ruwan gonaki.

To, ranar Talatar nan ko zaitun ɗin bai tauna ba. Gwamna ya aiko da sunan lauya Rosaura Pelaytay, a naɗa ta alƙaliyar garin su Fulgencio, kuma ba ta hawa kujerar sai dattawa sun amince. Shekara uku ke nan garin ba alƙali. Maƙwabci ya tare maka ruwa, sai ka yi tafiyar awa huɗu kafin ka sami mai sauraronka, ka dawo ka tarar inabinka ya yi yaushi. Fulgencio ya san Rosaura ba ta da tsoro. Matsalar ma ke nan, don bara ta kayar da surukin jagoran jam'iyyarsu a kotu.

Jagoran, Sanata Heriberto Lucentini, ya tare shi a baranda yana zuƙar shayin mate.

"Tsoho, baƙar ƙuri'a za ka jefa. Ka ji ni ko? In ba haka ba, zaɓe mai zuwa sai dai ka koma ka yi wa bishiyoyinka jawabi."

"Ai sun fi ku sauraro," in ji Fulgencio. Ya yi dariya, amma fa yana son kujerarsa ta sanata ba kaɗan ba.

A majalisar nan ba a ɗaga hannu a kan alƙali. Kowane sanata a ba shi 'yan ƙwallaye biyu na katako, fara da baƙa, ya zura hannu a akwati ya saki ɗaya ba mai gani. Fara amincewa, baƙa ƙi. Fulgencio ya jefa nasa a aljihu, aka yi ta kiran suna. Da aka zo kansa ya lalubo, ya leƙa tafin hannu, ga tabarau ya baro a mota. Ya ga abu baƙi, zagayayye. Ya saki a akwati, ya koma mazauninsa kunya kamar ta kashe shi.

Magatakardiya ta juye akwatin a faranti.

"Fara goma sha biyu. Baƙa goma sha biyu. Sai kuma..." Ta ɗaga wani abu, ta shinshina. "Shugaba, wannan fa da gishiri."

Kai, zauren ya kece da dariya! Ba wanda ya tambayi na wane ne, kawuna ashirin da huɗu suka juya wuri guda.

Lucentini ya miƙe zumbur. "Baƙi ne! A ƙirga shi cikin baƙaƙe!"

"Doka ƙwallo ta ce, ba ta ce abin ci ba!" wata sanata ta mayar masa daga ɗaya ɓangaren.

Mataimakiyar gwamna, wadda ke jagorantar zaman, ta buga tebur tana share hawayen dariya. "Don Fulgencio, zo ka karɓi kayanka. Ka jefa mana ta gaske."

Sai a lokacin ya gane ba sauran sirri. Sha biyu da sha biyu ne, duk wadda ya saki kowa zai san tasa ce. Ya taka a hankali, ya zazzage aljihunsa a kan tebur: zaitun shida, ƙwallo biyu. Ɗazu da ba mai kallo ya zaɓi baƙa, shi ya san wannan. Ya tuna mutanen garinsu a layin mota tun asuba, takardun ƙara a hannu.

Ya ɗauki farar, ya ɗaga ta sama yadda har na bayan zaure za su gani, ya saki. Ta yi ƙwas a cikin akwatin.

Da zai wuce, Lucentini ya ce ƙasa-ƙasa, "Taka ta ƙare, tsoho."

Fulgencio ya karɓi zaitun ɗinsa daga hannun magatakardiya, ya goge a kwat, ya jefa a baki.

"Na sani, Heriberto. Gida zan koma. Amma garin da zan koma yanzu akwai alƙali."