Kofi, Ƙofa, Kaza

Ranar Litinin da safe, da Auta ta kunna kwamfutar da ke kan teburin falo, kofin nan ne ya sake fitowa: fari, mai hannu ɗaya, an rubuta "Darasi na ɗaya" a samansa. Kwana tara ke nan a jere.

Baba ya dubi kofin, ya dube ta, ya juya fuska wajen taga.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin tafinta a kotu. Wata biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kalmomi suka gudu suka bar shi da guntaye. Likitar magana ta ce watannin farko ba a wasa da su, abin da aka kama yanzu shi ke zama. Ta ba su wata manhaja mai nuna hoto: Baba ya faɗi sunan abin, Auta ta danna daidai ko kuskure. In an gama darasi, idan aka sake kunnawa a wuce na gaba. Ranar Alhamis za su koma asibiti da sakamakon.

Kullum kuwa Baba yana gamawa. Kofi, ƙofa, kaza, har hoto ashirin, gumi na tsattsafo masa a goshi. Manhajar ta rubuta "An adana". Washegari sai kofi.

"Baba, ko sau ɗaya. Ka ga yau ma an dawo da mu."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙirjinsa. "Fa… faɗi."

"Ba ka faɗi ba, wallahi. Jiya sha takwas ka ci."

Bai yarda ba. Mutumin da ya ga ana ɗage shari'a ya san ba a maimaita abu sai in bai yiwu ba. A ganinsa na'urar ta auna shi ta ga bai isa aji biyu ba, 'yarsa kuma tana ɓoye masa. Ya ture linzamin kwamfutar har ya faɗo ƙasa.

Auta ta tsince shi, ta fita baranda ta kira Yaya. Shi ya saka manhajar kafin ya koma garin da yake aiki, kuma shi ya buɗe mata ɓangarenta daban a kwamfutar, wai don kada ta taɓa abin da ba ta sani ba. Shekararta arba'in da biyu, da 'ya'ya uku.

"Ni da na gwada lafiya ƙalau take aiki," in ji Yaya. "Kin tabbata kina danna adanawa?"

"A'a, Yaya, lallashinta nake yi da baki."

"Kashe ki kunna."

"Na kashe na kunna har maɓallin ya san yatsana. Baba ya ce ya daina. Ka ji? Ya daina."

"Ina shiga taro, zan neme ki."

Ta tsaya da waya a hannu. Ta riga ta bi littafin manhajar layi-layi, ta sauya wayar wuta, ta aika wa kamfanin saƙo sau biyu suka amsa da godiya. Abin da ya fi cin ranta shi ne kalmar nan "An adana", da take fitowa kullum da koren tambari, ba kunya.

Maƙwabciyarsu ta ƙofar gaba, wadda ke kula da kwamfutocin wani ofis, tana kulle gida za ta fita. Auta ta tare ta.

"Anti, aron minti goma."

"Na san minti gomanki," ta ce, amma ta ajiye jaka ta shigo. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta zauna ta yi ta buɗe folda cikin folda. Can ta yi tsaki.

"Ga ta nan. Manhajar tana son ajiye sakamako a foldar da aka saka ta, kuma ba mai rubutu a wurin sai mai kwamfutar. Shi ya sa ta yi wa yayanki aiki. Ke ba ki da izini, sai ta zubar, ta ce ta adana. Laifin waɗanda suka ƙera ta ne."

Ta juya wajen Baba, ta sassauta murya. "Baba, kamar magatakarda ne da ba a ba shi makullin kabad ba. Ya rubuta duk abin da aka faɗa, ya je ya tarar a kulle, ya jefa a kwandon shara, ya dawo ya ce wa alƙali an shigar."

Baba ya juyo daga taga. Ya daɗe yana kallonta.

Gyaran ba wuya, in ji ta, a ba foldar izini kawai. Amma sai da kalmar sirrin Yaya. Auta ta sake kira, waya a kashe. Suka gwada ranar haihuwarsa, sunan matarsa, lambar motarsa. Anti ta dubi agogo. A ƙasan akwatin rubuta kalmar sirrin sai ga abin tuni da Yaya ya rubuta wa kansa, Auta ta karanta a fili: "Abin da Baba ke ce min in na yi laifi."

"Mai sunan Malam?" ta gwada. Ba shi ba ne.

A bayansu kujera ta motsa. Leɓen Baba yana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Sha…" Ya haɗiye yawu. "Sha… sha… sha."

Anti ta kama baki. Auta ta rubuta "shashasha" a hankali, kwamfutar ta buɗe, Anti ta ba foldar izini.

Sakamakon kwana tara bai dawo ba. Babu inda aka taɓa rubuta shi. Anti ta faɗi haka ba kwana-kwana, ta ɗauki jakarta ta tafi a makare. Wato ranar Alhamis kwana uku kacal za su nuna wa likita, kuma dole yau a sake farawa daga kofi.

Auta ba ta roƙe shi ba. Ta dai matso da teburin, ta jira.

"Kofi," in ji Baba, da ƙyar, kamar yana zagin wani.

Suka kai ashirin. "An adana." Ta miƙa hannu za ta rufe, sai ya riƙe mata wuyan hannu, ya nuna maɓallin wuta.

"Kashe. Kunna."

Ta kashe, ta kunna. Suka zauna suna jin ƙarar fankar kwamfutar. Darasi na biyu ya fito, hoton wata mata tana buɗe ƙofa. Baba ya gyara zama, ya nuna mata tabaransa a kan talabijin.