Ya Yi Ciki

Mu'azu na tsaka da liƙa waya da dalma, harshe a waje kamar ɗan makaranta mai koyon rubutu, sai ga Maman Friday ta faɗo rumfarsa tana haki. Maƙwabciyarsu ce a unguwar Lamorde, 'yar Michika, mace mai kirki wadda magana ba ta kwana a cikinta.

"Injiniya, aje wannan abu! Ya yi ciki!"

Nan take tunaninsa ya tafi kan batir. Shekara guda ke nan yana fama da cajar da ya ƙera da hannunsa, da taransifomar tsohuwar rediyo da gwangwanin madara, mai yanke wuta da kanta in batir ya cika. Haka dai yake faɗa. Cajar farko ta cinye tocilan uku, ta biyu ta ƙona labule. Jiya da ƙyar matarsa Bilkisu ta ba shi wayarta a gwada ta uku, bisa sharaɗi: in batirin ya kumbura, duk tarkacen da ya cika musu ƙuryar ɗaki zai bar gidan. Ɗakin kuwa tun aurensu suka ware shi don yara, da yaran suka ƙi zuwa sai wayoyi suka tare.

"Da idonki kika gani, Maman Friday?"

"Ni na raka shi! An duba, an ce tabbas."

Wato har wurin wani mai gyara aka kai shi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

"Ba laifina ba ne," in ji shi. "Wutar ce ta zo da ƙarfi."

"To laifin waye? Kai, Injiniya, ka ji tsoron Allah! Wata biyu fa aka ce."

"Wata biyu? Jiya-jiyan nan na jona shi!"

Maman Friday ta riƙe haɓa. Mai shayin da ke gefe ya bar firfita wuta, ya matso da benci.

"Wa ka jona?"

"Batirin mana."

"Wane batir? Matanka nake faɗa! Bilkisu! Asibiti muka je. Shi yana jin kunya, ya ce kar na faɗa, ni kuma ban iya ba."

A Mubi aka haifi Mu'azu, ya fi kowa sanin cewa a bakin Maman Friday mace da namiji da tukunya duk "shi" ne. Amma mai caja a rai ba ya jin komai sai batir. Ya zauna a hankali. Dalma ta ɗiga masa a yatsa bai ji ba. Don murna sai a karo na biyu ya iya cewa alhamdulillahi, hawaye na bin gemunsa, mai shayi na ta dariya yana yi masa barka.

Ya rufe rumfar ko canjin riga bai yi ba. Har sun kai bakin titi suna jiran keke, ya yi gyaran murya.

"Maman Friday... shi batirin fa?"

"Shi ma," in ji ta. "Ya ma fi Bilkisu girma."

Mu'azu ya gyaɗa kai. Sai ya ce ta ɗan jira shi, ya koma wurin mai shayi ya ari buhu biyu manya.