Ƙaryar da Aka Yi wa Baba

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, tsohon tela, tambaya ɗaya yake yi idan ya farka: "Ina uwarku?" Uwar kuwa ta rasu tun kafin ciwon ya yi nisa.

'Ya'yansa biyu ne tare da shi. Babbar, mace, nas ce a sashen mata na asibiti, kowa Yaya yake ce mata. Ƙaramin, Auta, mai walda ne, gemunsa har ya fara furfura amma sunan ya ƙi sakinsa. Mutum ne mai magana ɗaya, idan ƙarfe ya ruɓe zai faɗa wa mai shi ko da aikin zai kuɓuce masa. Shi yake amsa wa Baba.

"Baba, Mama ta rasu. Kana wurin ma."

Kullum kamar ranar aka yi mutuwar. Baba zai dafa bango ya sulale ƙasa, ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ya ƙi abinci. Washegari ya manta, ya sake tambaya.

Wata safiya Yaya ta riga ƙaninta buɗe baki. "Ta je duba ƙanwarta, Baba. Tana nan dawowa."

"Matar nan da yawo," in ji Baba yana dariya. "Ƙafarta ba ta san gida ba." Ya shanye shayinsa tas, har ya nemi ƙari.

Auta ya bi ta ɗakin girki ya turo ƙofa. "Yaya, ubanmu kike yi wa ƙarya?"

"Kai kuma kullum sai ka kashe masa mata. Wanne ya fi?"

"Ƙarya ƙarya ce, ko an shafa mata zuma."

"To gaya mini wa na cuta."

"Shi. Ya yarda da ke, kina juya shi kamar ƙaramin yaro."

"Ka ga ya ci abinci ko ba ka gani ba?"

Auta bai yarda ba, amma ya ja bakinsa. Idan Baba ya fara tambayar sai ya fice. Da Yaya ta ba ƙanwar Mama labari ta waya, tsohuwar ta yi ta sa mata albarka, ta ce dabara ce ta masu hankali.

Baba ya murmure. Ya sa aka kaɗe wa keken ɗinkinsa ƙura, Yaya tana zura masa zare a allura saboda idonsa ya yi rauni. Riga ya ɗinka wa matarsa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Auta kansa sai da ya yi dariya, ya ce Mama za ta riƙa tafiya a karkace.

Da ya gama rigar, Baba ya koma zaman bakin ƙofa. "Ta daɗe fa," yake cewa. Ran nan da hantsi, Yaya tana wurin aiki, Auta ya shiga wanka. Baba ya sa takalmansa, ya ninke rigar a leda, ya fita ɗauko matarsa. A babban titi wani mai babur ya buge shi, ƙashin ƙugunsa ya karye.

A gadon asibiti hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci, kamar yadda yakan yi wa masu wannan ciwo. Ya dubi 'yarsa da kyau.

"Ke, uwarku ta mutu, ko?"

Yaya ta kalli Auta, Auta ya kalli ƙasa. "E, Baba," in ji Yaya.

"To wa na tafi ɗaukowa?" Bai yi kuka ba. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Kuka zuba mini ido ina ɗinki." Bai ƙara yi musu wata magana mai ma'ana ba. Ciwon ƙirji ya biyo bayan kwanciyar, da shi ya tafi.

Wurin ta'aziyya Yaya ta ji ƙanwar Mama tana ce wa mata ƙasa-ƙasa, "Ai da sun faɗa masa gaskiya da yana nan. Ƙarya ba ta taɓa gyara komai ba."

Da mutane suka watse, ta samu Auta a falo yana tara kujeru.

"Ka ji ta? Da mai babur ya taka birki da wuri, da har yau ni ce 'yar albarka."

"Da na ci gaba da faɗa masa gaskiya, da yunwa da kuka sun kashe shi, ni za a zaga," in ji Auta.

"To ina laifin yake? A bakina ko a birkin babur?"

Auta ya ajiye kujerar da ke hannunsa. "A da ina ganin abin kamar walda ne, Yaya. Ko ta kama ko ba ta kama ba. Yanzu ban sani ba."

"Ko dai babu laifin ne? Mutane kawai suke jira su ga yadda abu ya ƙare, sannan su raɗa masa suna."

"Kada ki ce haka."

"Don me?"

Auta ya sake ɗaukar kujerar da ya ajiye. Ya ci gaba da tara kujeru.

Bayan nan Auta ya kama ɗaki kusa da shagonsa. Ba faɗa suka yi ba, sai dai idan sun haɗu gaisuwa ce kawai, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Yaya ta koma aiki. Wata rana wani magidanci ya tare ta a baranda, idonsa jawur. Likita ya gaya masa ciwon matarsa ya ci jikinta, ita kuwa tana ta lissafin ranar sallama.

"Don Allah, nas, in gaya mata ko in bar ta?"

"Ka yi wanda za ka iya ɗauka."

"Amma wanne ne daidai?"

Yaya ta gyara kwalaben magani a kan tirenta. "Wannan ba aikina ba ne," ta ce, ta wuce gado na gaba.