Mai Jinyar Tsofaffin Kwandiko

"Wane ne mara lafiyar a cikinku?" Ummussalma ta sake tambaya, domin amsar farko ba ta shige ta ba.

"Ita ce," in ji Malam Ishiyaku.

"Shi ne," in ji matarsa Inna A'i, ta nuna shi da haɓa, sai dai inda ta nuna babu kowa.

Ummussalma ce sakatariyar Ƙungiyar Sada Zumunci ta Gwaram, kuma ita ta sha rana kafin wannan aikin ido na kyauta ya tabbata. Ƙungiyar ba ta da likita, ba ta da mota, ko tukunya ba ta mallaka ba. Jarinta baki ne da ƙafa. Da su aka lallaso likitoci daga Kano, asibiti a Birnin Kudu ya ba da ɗaki, 'yan kasuwar hatsi suka auno shinkafa, matan Islamiyya suka ɗora girki. 'Yan yuniyan ɗin direbobi kuma suka ba da bas da direbanta Barau, wanda ya fara mita tun daga Kwandiko bai tsaya ba har suka iso. Komai ta tanada, ban da wannan.

Sharaɗin likitoci shi ne duk wanda za a cire wa yanar ido sai yana da mai jinya, wanda zai kwana da shi, ya kai shi banɗaki, ya ɗiga masa magani. Su kuwa tsofaffin nan kowanne ya shigo mota ne da niyyar ya rako ɗan'uwansa. Da aka haska idanunsu sai ga yanar ta rufe su duka, Allah kaɗai ya san yadda suke gane ƙofar gidansu. Gobe da hantsi kuma likitocin za su koma Kano.

"Inna, babu yaro a gida da za mu kira?"

"Allah bai ba mu ba, 'yar nan," in ji tsohuwar, ba tare da muryarta ta sauya ba. "Mu ne yaran juna."

Sistar da ke tsara layi ta ce to sai dai a yi wa ɗaya, ɗaya ya lallaɓa ya yi jinya. Nan fa aka taɓo su.

"A yi mata. Ni ina gani daidai gwargwado."

"Kana ganin me? Shekaranjiya tunkiyar maƙwabta ka yi wa sallama."

"Ke da kika zuba sukari a miyar kuka?"

"Ai ka shanye, har ka nemi ƙari."

Layi ya ɗauki dariya. Ummussalma ma ta yi, amma tausayi ya cika mata ciki, don ta ga yadda Malam yake riƙe da bakin mayafin matarsa tun da suka sauko daga mota. Ta ce wa sista ita za ta kwana da Inna. Saura namijin da zai kula da Malam.

Ta sami Barau a gindin darbejiya yana goge gilashi, yana shirin komawa ya yi lodin yamma. Ta yi masa bayani.

"Hajiya, mota aka ce in kawo. Ba a ce in kawo kaina ba."

"Gaskiyarka. To zo ka faɗa musu da bakinka wanda za ka mayar Kwandiko da yanarsa. Ni na kasa."

Ya biyo ta yana ƙunƙuni, wai shi duk inda ya je sai an ɗora masa abin da ba nasa ba. Inna A'i na jin muryarsa ta juyo.

"Direban nan ne mai mita? Allah ya yi maka albarka. Na ji yadda kake lallaɓa ramuka saboda ƙashinmu."

Barau ya dubi hannun Malam da ke riƙe da mayafin, ya sosa ƙeya, ya jefa makullin mota a aljihu.

"Wa ke da wannan tsohon?" sista ta tambaya.

"Ni ne."

"Me kake gare shi?"

"Ɗansa ne, sista, kada ki ja magana."

Aka yi musu su biyun. Barau ya kai Malam alwala, ya yayyanka masa nama ƙanana, ya yi faɗa da shi a kan sosa ido. Mitar dai ba ta fasa ba, ta dai sami sabon gida.

Da safe aka kwance bandeji. Inna A'i ta ƙifta ido, ta daɗe tana kallon mijinta, har Ummussalma ta zaci za ta yi kuka. Sai ta juya ta ƙare wa Barau kallo, da tumbinsa da furfurar gemunsa, ta dubi Ummussalma da ta kwana a tabarma gefen gadonta.

"Malam, ka ga yaran namu?"

"Na gan su."

"Namijin kai ya biyo a hanci. Mitar ma taka ce."

Barau ya ce bari ya je ya duba ruwan mota. Ummussalma ta bi shi da kallo ta taga, ta ga bai ko nufi wajen motar ba. Gindin darbejiya ya tsaya, ya juya baya, yana goge fuska da hularsa.